Mai Allura In Zai Yi Tafiya



Sharhinmu na yau na masu allura ne: teloli da masu aikin wuyan riga, iyayenmu mata da ƙannenmu masu ɗinkin hula a cikin gida, masu saƙar kwarashi da ke fito da rigunan sanyi na yara tun kafin hunturu ya kankama, da masu tsince ƙyallayen da suka zube ƙarƙashin keken tela su harhaɗa, su fitar da bargo ko shimfiɗar jariri. Wanda ya taɓa ratsa rumfunan tufafi a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi ya san mutanen nan suna da yawa. A 'yan shekarun nan kuma ƙafarsu ta fara fita: wannan ya tafi Umara, wancan ya raka mara lafiya Alƙahira, wani ya bi mota zuwa Damagaram ko Kwatano. Abin da ke damuna shi ne yawancin tafiyar a shago take ƙarewa. A sauka, a tambayi inda ake sayar da yadi, a cika jaka, a juyo. Kaya sun ƙaru, amma hannu yana nan yadda ya tafi.

Bari in fara da mai haɗa ƙyalle, don shi ne aka fi rainawa, shi ma kansa yakan ɗauki aikinsa a matsayin dabarar marasa hali. Malam, sana'arka ta fada ce. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke a ƙasar nan. Mene ne lifidi? Ƙyalle ne a sama, ƙyalle a ƙasa, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da allura layi-layi a danne, har kibiya ta kasa ratsawa ta taɓa doki ko mahayinsa. Fuskarsa ta waje kuwa guntayen ƙyallaye ne, ja da rawaya da shuɗi da fari, aka jera su. Har gobe 'yan lifidi suna fitowa a hawan Sallah a Kano. Wanda ya tsaya kusa da su ranar Hawan Daushe ya zuba wa ɗinkin ido, ya ga tsawon tazarar da ke tsakanin layi da layi da yadda aka kama bakin don kada audugar ta tsiyaye, ya samu darasin da wasu ke haye teku su biya kuɗi su koya.

Don haka tafiya ta fari ba ta bukatar fasfo. Ga Minjibir nan kusa da mu, garin masaƙa, inda za ka zauna gefen mai ƙoshiya ka ga yadda ƙwarya ke fitowa, ka saya daga hannunsa. Ga Kura a kan hanyar Zariya, inda ake rina turkuɗi a buge shi har ya riƙa ɗaukar ido, wanda Buzaye ke naɗawa har can Agadas da gaba. Ga marinar Ƙofar Mata a cikin birni, wadda masu ita ke kai tarihinta 1498, baba da toka da katsi ne kayan aikinsu har yanzu. Ga Kasuwar Kurmi. Ga kuma Gidan Makama daura da fadar Sarki, gidan da ake danganta gininsa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau gadon sarauta a 1463, yau shi ne gidan adana kayan tarihi. Ina roƙon shugabannin teloli na Ɗambatta da Makoɗa su haɗa kuɗin mota, su kwashi yaran shago su zaga wuraren nan. Yini biyu sun isa. Yaron da ya ga saƙi da tsamiya da idonsa, ya taɓa luru da gwado da hannunsa, in ya je wata ƙasa ya san abin da zai gwada kayansu da shi.

Kada kuma mu manta a da mu ne muke fitar da tufa, wasu su saya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kai wa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara, na kimanin wuri miliyan 60. Mafi yawan saƙar da rinin kuwa a garuruwa da ƙauyukan kewayen birni ake yinsu, irin namu. Auduga daga gonar miji, kaɗi daga mazarin mata, saƙa daga maƙwabci. Yau masaƙun zamani na Kano da Kaduna da suka gaje su mafi yawa sun rufe, kayan da suka cika Kantin Kwari kuma akasari daga Sin suke zuwa. Ba laifi ba ne a saya. Laifin shi ne a saya ido rufe.

To, yaya ake sanin yadi? Wannan sashe shi na fi so a riƙe, don ko a Kwari ne, ko a Dubai, ko a Kwatano, dabarar ɗaya ce.

Ka nemi mai shago ya yanka maka ɗan ƙyalle daga baki. Ka zare zare biyu ko uku, ka fita waje, ka ƙyasta musu ashana. Auduga tana ci da sauri, warinta irin na takardar da ta ƙone, tokarta mai laushi, kana murzawa ta watse. Yadin roba yana narkewa ne, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri. Ulu na gaskiya, wato gashin tumaki, ƙaurin gashi yake yi, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage ya murmushe a yatsa. Iyayenmu masu kwarashi su sani, yawancin zaren da muke kira ulu a kasuwanninmu na roba ne. Yana da araha, yana wankuwa, asu ba ya cinsa, amma ɗuminsa bai kai na gashin tumaki ba, kuma kada a bar yaron da ke sanye da shi ya matsa kusa da murhu. In za ki sayi zare, ki duba takardar da aka naɗe shi da ita: akwai lambar launi, akwai lambar tukunyar rini. Ki sayi duk abin da aikin zai ci daga tukunya ɗaya, ki ƙara ƙulli ɗaya a kai. In ya yanke miki a tsakiyar aiki kika sayo wani, ko da sunan launin ɗaya ne, rana tana fitowa za a ga inda aka yi haɗi.

Sai zuba. Ka jiƙa farin hankici ka goga a kan yadin. In ya ɗauko launi, to wannan ba na haɗawa da farin ƙyalle ba ne, wanki ɗaya zai ɓata maka aikin wata guda. Amma kada a yi wa ɗan Kura wannan hukunci, shi da gangan ake buga masa baba a fuska, masu sayensa ma shuɗin da yake bari a jiki suke so. Shadda kuma ka ɗaga ta ga hasken rana, ka jiƙa gefenta ka murza. Wata ƙyallinta duk na sitaci ne da danƙo, ruwa na taɓa ta sai ta saki, ka ga saƙar sako-sako. Mai haɗa ƙyalle kuwa ya wanke kowane yadi daban kafin ya sa almakashi, domin auduga tana shiga, kuma kowace da irin shigarta. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Akwai wata al'adar kasuwar Kano da nake so a dawo da ita. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya zo a 1824, ya ba da labarin cewa in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kano ya tafi da shi har Borno, ya kwance ya tarar da algus, mayar da shi ake yi, domin akwai sunan dillalin a rubuce a cikin ƙunshin, dole ya nemo mai kayan a biya. Fiye da shekara 200 ke nan. Kai ma matafiyin yau ka karɓi rasiɗi mai ɗauke da sunan shago da lambar waya da irin yadin da tsawonsa. Zai yi maka amfani in ka samu matsala, zai kuma yi maka amfani gaban jami'an kwastan. Ka biya abin da doka ta ce, ka bi ta ƙofa. Wanda ya bi hanyar fasa-ƙwauri don ya tsira da ɗan kuɗin fito, rana ɗaya yakan rasa jarin duka.

Yanzu mu tsallaka iyaka. Daga nan, mota ta bi Kazaure da Daura ta fita ta Kwangwalam, sai Matamaye, sai Damagaram. Mai son Maraɗi ya bi ta Katsina da Jibiya. Harshe ɗaya ne, abinci ɗaya, akwai dangi ma, amma tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025, kada ka dogara da yadda ka saba a da. Ka tambayi direbobin tasha da suka dawo cikin makon nan wace takarda ake nema, yaya lafiyar hanya take. Ka riƙe fasfo ko takardar tafiya, da katin rigakafin shawara. Abu biyu ke rikita baƙo a kasuwar Nijar. Na farko lissafin kuɗi: da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in mai kaya ya ce maka ɗari biyu, sefa 1,000 yake nufi, wato jikka guda. Na biyu awo: shadda da sauran yadi da mita ake auna su a can, mita kuma ta ɗara yadi, mita 10 ta kusa yadi 11. Ka sa tef ɗinka a aljihu. Kuma ka nemi fatoma, kamar yadda fataken da suka kai tufa Gwanja suka sayo goro suke yi: mutumin gari mai mutunci, wanda zai saukar da kai, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka. La'adar da za ka biya ta fi asarar da za ka yi kai kaɗai sauƙi.

In Allah ya kai ka Yamai, ka ba Gidan Tarihi na Boubou Hama rabin yini. Tun 1959 aka buɗe shi. Akwai sashen tufafin al'ummomin ƙasar, Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari, akwai kuma masaƙa da dukawa da maƙera da ke aikinsu a cikin harabar, kana kallo kana tambaya da Hausa. Bamako ta ƙasar Mali kuwa ita ce gidan galila: farar shadda ake shigo da ita, mata marina su rina, maza su buge ta da katako kamar masu bugunmu. Mai tsadar cikinta, Getzner, daga wani gari ne mai suna Bludenz a Ostiriya, kamar yadda atamfar Vlisco take fitowa daga Helmond a Holan. A ƙasar Mali ne kuma Fulanin Masina ke saƙa bargon gashin tumaki na asali. Sai dai hanyoyin ƙasar ba su da tabbas a wannan zamani, kuma babu turmin da ya kai rai.

Wurin da na fi yi wa mai haɗa ƙyalle kwaɗayi shi ne Alƙahira. Mutanenmu da yawa suna zuwa can neman magani ko karatu, su yi makonni tsakanin masauki da asibiti, ba su san akwai Titin Khayamiyya ba. Yana tsohon gari, daf da ƙofar Bab Zuwaila, rufaffiyar kasuwa ce tun ƙarni na 17. Masu ɗinkin tanti ne a ciki, kowa zaune a ɗan shagonsa ya tanƙwashe ƙafa, kayan aikinsa allura da zare da babban almakashi. Ga yadda suke yi. Sai a ninke takarda, a zana fure ko tauraro, a bi layin zanen da allura a huhhuda. A buɗe takardar a shimfiɗa kan yadi mai kauri, a barbaɗa garin gawayi ko alli, zanen ya sauka ta ramukan. Daga nan a ɗauko ƙyalle mai launi, a ɗora, a riƙa yanka kaɗan-kaɗan ana lanƙwasa bakinsa ciki da tsinin allura ana kamawa, ɗinkin ƙanana har ido ba ya ganinsu. Babu abin da ke cikin wannan aiki da ba mu da shi a Ɗambatta: takarda, gawayi, ƙyalle, haƙuri. Ka sayi ƙaramar rigar matashi guda ɗaya, ka gaisa da mai shagon da kyau, ka nemi izini ka zauna ka kalli hannunsa na awa guda. In za ka saya kuma ka juya bayan aikin, domin akwai na inji da aka buga wa zane kawai. Na hannu, sawun allura yana nan a baya.

Alhazai da masu Umara, a Makka akwai masana'antar da ake saƙa rigar Ka'aba, a unguwar Ummul Jud. Sarki Abdul'aziz ne ya fara kafa gidan wannan aiki a 1927, bayan ƙarnoni ana kawo rigar daga Masar. Baƙin siliki ne, ayoyin kuma sai an yi musu shimfiɗar zaren auduga sun tashi, sannan a lulluɓe da zaren azurfa da wanda aka shafa wa zinariya. Ba a shiga sai da izini, don haka ka yi wa jagoran tawagarku magana tun da wuri. Mai aikin wuyan riga da ya samu wannan dama ya ga ƙarshen sana'arsa.

Na san akwai masu ƙyamar gidan adana kayan tarihi, suna cewa gidan gumaka ne. Ɗan'uwa, babu mai tilasta maka shiga ɗakin da ba ka so. Ka tambayi ɓangaren tufafi ka nufi can. Wanda ya samu zuwa Landan, Gidan Tarihin Birtaniya kyauta ake shiga, ɗaki na 25 shi ne na Afirka, kuma a ma'ajiyarsu akwai rigunan ƙasar Hausa da Nufe masu aska biyu da aska takwas, na saƙi da na tsamiya, da masu shafin alharinin da fatake suka riƙa kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Tun 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shirya nunin fasahar Hausawa a birnin. Zuciya takan sosu in ka ga aikin kakanninka a bayan gilashi a ƙasar wasu. Amma tunda ka je, ka kwaso abin da za ka iya kwasowa da ido. Ka binciki ranar da suke rufewa, don gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa Litinin. Ka sani abin da aka baje kaɗan ne, mafi yawa yana ajiye, kuma mai sana'a yana iya rubuta musu tun kafin ya taso ya nemi a fito masa da wani abu. Ba a taɓawa. Ka nemi izinin hoto, ka kashe fitilar waya. Hoton ma bai wadatar ba: ka riƙe ɗan littafi da fensir, ka zana askar da hannunka, ka ƙirga ƙwarya nawa aka haɗa a jikin rigar, ka lura inda mai aikin ya sauya zare. Abin da hannu ya zana ya fi zama a kai.

Mu dawo kan waɗanda ba za su je ko'ina ba, kuma su ne mafi yawa: matan da ke cikin gida, waɗanda hulunan da suke ɗinkawa ke biyan kuɗin makarantar yara. Tafiyarsu sautu ce. Hajiya, in za ki ba da sautu, kada ki ce a sayo miki shuɗi ko ruwan goro kawai, kada kuma ki dogara da hoton waya, don kowace waya da yadda take nuna launi. Ki yanki ƙyallen, ki ɗaura silin zaren a jikin kati, ki sa a rubuta adadi da iyakar kuɗin da kika yarda a kashe, da abin da za a sayo in ba a samu na farko ba. Kai kuma Alhaji da aka ba amana, ka raba kuɗin kowa da ƙullinsa, ka dawo da canji da rasiɗi. In jirgi za ka hau, almakashi da allurai da kwarashi su shiga babbar jaka, kada a ƙwace su a wurin bincike. Yawancin jirage kilo 23 suke yarda a jaka guda, yadi kuwa yana da nauyi, ka auna tun a masauki. In mota ce da damina, ka naɗe kaya da leda biyu kafin a ɗora a sama. In kuma ka shiga wani gidan tarihi ko ka zauna wurin wani gwani, ka dawo wa matan gida da hotunan da bayanin, su ne za su mai da shi aiki.

Abu na ƙarshe. Rigunan da ke Landan daga gidaje irin namu suka fita. Har yanzu a Ɗambatta da ƙauyukanta akwai adakar da ke ɗauke da rigar kaka, ko zanen saƙi na lefen wata tsohuwa, ko lurun da aka daina shimfiɗawa. Masu sayen tsofaffin kaya suna zagawa, gara da asu ma suna nasu aikin. A fito da su bayan damina a shanya a inuwa, kada a rana. Kada a ƙulle su a leda, a naɗe su da farin ƙyallen auduga, a riƙa sauya wurin ninki don kada zaren ya karye a kan layi ɗaya. In bukata ta sa dole a sayar, a kira telan unguwa da mai ɗinkin hula su gani tukuna, a ɗauki hoton gaba da baya da cikin aljihu, a rubuta sunan mai rigar da garin da aka saƙa ta in akwai dattijon da ya tuna.

Nan za mu dakata. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa albarka a sana'a.